Ruwan da Ban Zubar Ba

Na san abin da kuka taso kuna ji game da ni da Baffanku Lawan. An gaya muku a kan gonar bakin kwari muka ɓata, wai da aka zo rabon gado shi ya so gefen da ke da itatuwan ɗorawa, ni kuma na ƙi. Ku ma kun maimaita wa abokanku haka, ban kuma taɓa gyara muku ba, domin ni da shi ne muka bar maganar ta yaɗu. Ba mu taɓa jayayya a kan ko kunya ɗaya ta gonar nan ba. Abin da ya shiga tsakaninmu ruwa ne, da wani yaro da ba ku tarar da shi ba, ɗansa na fari, Abba. Tunda yanzu kakarku Inna ta rasu, alkawarin da ya ɗaure bakina ya ƙare, sai na ga ya kamata in rubuta muku yadda abin ya faru, iya abin da na sani. Akwai wuraren da har yau ban tabbata ba, zan kuma faɗa muku idan na zo kansu.

Lokacin ban auri mahaifiyarku ba. Na gama jami'a, inda na karanci ilimin ƙwayoyin cutar da ido ba ya gani, na sha yawon neman aiki, har Allah ya haɗa ni da wata ƙungiya mai motar asibitin tafi-da-gidanka. Mota ce doguwa, fara, an mayar da cikinta ɗaki: gadon duba marar lafiya, ɗan firijin allurar rigakafi, kabad ɗin magani, da bencina da muke kwana a kansu idan tafiya ta yi nisa. Mu huɗu ne, malaman asibiti biyu, da direba Malam Ado, da ni. Mukan yi kwana biyar ko shida muna zagaya ƙauyuka, wani lokaci har wajen Shanono, sannan mu dawo mu huta. Aikina gwajin jini, da kula da firiji, da kula da ruwa. A garinmu kuwa kowa Likita yake ce mini. Na yi ta bayani cewa ni ba likita ba ne har na gaji na bari, kuma in faɗa muku gaskiya, sunan ya zo yana yi mini daɗi.

A saman motar akwai tanki mai cin jarka goma. Daga nan ruwa yake gangarowa ta tiyo, ya ratsa wani mataci mai kamar gorar roba da gawayi na musamman a cikinsa, wanda Malam Ado ke kira filta, sannan ya fito ta ɗan famfo a cikin mota da wani a jikinta ta waje. Shi muke sha, da shi muke ba marasa lafiya magani. Ƙa'idar ruwan nan ni na rubuta ta da hannuna na liƙa a bayan ƙofa. Idan mota za ta wuce kwana uku a tsaye, a zubar da ruwan tanki kaf, a bar famfo a buɗe tiyo ya tsane, a kwance mataci a shanya shi a inuwa, in ya tsufa a jefar. Ranar da za a sake fita a wanke tanki da kulorin, maganin kashe ƙwayoyin cuta, a bar shi ya jima a ciki, a ɗauraye har warin ya tafi, sannan a zuba sabon ruwa. Dalili shi ne ruwan da ya zauna cikin zafi, maganin da ke tsare shi yakan salwanta, matacin da aka bari a jiƙe kuma yakan koma sheƙar cutar da aka sa shi ya tare. Abin da ya fi muni, gawayin nan ba ya daina cire wari da ɗanɗano. Ruwa zai fito garau, da daɗi a baki, alhali ya riga ya lalace. Duk wannan na san shi kamar sunana. Ina so ku riƙe wannan kafin mu ci gaba.

Akwai wani hali nawa kuma da ku ma kun san shi, domin kun sha yi mini dariya a kansa. Ba na iya ba da amsa kai tsaye. A makaranta an koya mana kada mu faɗi abin da ba mu gwada ba, ni kuma da ma can mai tsoron kuskure ne, sai karatun ya ba tsorona riga mai kyau ya sa. Yaya Lawan, wanda yake sana'ar hatsi a Dawanau kuma yake yanke ciniki da kalma ɗaya, shi ya raɗa mini suna Malam Sai-an-gwada. Yakan ce idan aka tambaye ni ko rana ta fito, zan ɗaga kai in daɗe ina kallo, sannan in ce da alama haka ne amma kada a yi gaggawa. Duk da haka akwai abu ɗaya da na tsaya a kansa a gidanmu. Da na dawo daga jami'a na matsa wa Inna har ta yarda a riƙa tafasa ruwan rijiya kafin a ba yara. Ta yi ta mita a kan ɓarnar kara, ta ce mu da muka sha shi ɗanye ga mu nan mun yi gemu, amma ta yi, kuma ba ta taɓa fashi ba. Inna idan ta karɓi magana ta karɓe ta ke nan.

A tsakiyar bazarar waccan shekara, muna zagayen ƙauyukan bayan Minjibir, motar ta lalace a kan hanyar da ta bi ta gefen garinmu. Da shanun huɗa biyu da mazan unguwa aka jawo ta zuwa filin ƙofar gidanmu, inda babu wata inuwa sai ta katanga da la'asar. Malaman asibiti suka kwashe allurai a akwatin ƙanƙara suka tafi. Malam Ado ya kwance ƙarfen da ya karye, ya naɗe shi a tsumma, ya miƙa mini makulli, ya ce kwana huɗu ya dawo. Sati bakwai motar nan ta yi a wurin. A safiyar ranar da ta tsaya muka cika tankinta.

Rana ta uku na fito da hantsi don in bi ƙa'ida. A shekarar nan ruwa ya yi wuya. Famfon tuƙa-tuƙa na bakin masallaci ya lalace, rijiyar unguwa ta ja baya, mata sai su zura guga su jira ya tara, abin da zai fito kuma jajir kamar an dama ƙasa. Na buɗe famfon waje, ruwa ya fara zuba yana yin hanya a cikin rairayi, ga mata suna wucewa da bokitai a ka suna waiwaye. Sai ga Inna ta fito daga zaure, ko mayafinta ba ta gama yafawa ba.

"Auta, ruwan sha kake ba wa ƙasa, matan gari suna can suna kwalfar laka? Wannan karatu naka wane iri ne?"

Na yi mata bayanin zafi da mataci da ƙa'idar ofis. Ta tara hannu ta kurɓa, ta ce wannan ai ya fi na randarta sau goma. Na ce to a raba wa maƙwabta yau ɗin nan ya ƙare. Ta ce in aka fara rabo gari duka zai taru, wanda bai samu ba ya ƙullace mu, ga shi kuma ranar Juma'a za a kawo mata Abba yaye, ba ta da ruwan kirki da za ta tarbe shi da shi. Na rufe famfon. Na gaya wa kaina cewa a rana ta uku ruwan lafiyarsa ƙalau, kuma gaskiya ne, sannan gobe ko jibi Malam Ado zai dawo in wanke komai. Na shiga cikin motar don in ajiye makulli, na ga takardar da na liƙa a bayan ƙofa, na kau da kai.

Ranar Juma'a Yaya Lawan ya kawo Abba. Shekararsa biyu ba kaɗan, baƙi, mai kumatu, da wata 'yar tafiya kamar zai faɗi amma ba ya faɗuwa. Sunan mahaifinmu aka sa masa, don haka Inna ba ta kiran sunansa, Maigida take ce masa. Uwarsa Rakiya ta zauna a Dawanau kamar yadda aka saba, kada yaro ya gan ta sai ya manta nono. Kwana biyu ya yi yana kuka, a rana ta uku ya gano motar, shi ke nan ya manta da kowa. Yakan tsaya a gindin famfon waje ya miƙa hannu, Inna ta ɗaga shi ya murɗa da kansa, ruwa ya zuba a ɗan kofinsa na roba. Tana yi masa tsiya tana cewa ita dai ta yi rashin sa'ar miji, ba ya noma, ba ya cefane, sai shan kunu da kwana a gadonta. Shi kuma ya kama haɓarta yana dariya. Rubutun yaye da aka karɓo masa wajen liman ma da ruwan mota aka wanke allon. Inna ta hana kowa a gidan taɓa famfon nan. Ni da ita da sauran manya ruwan rijiya muke sha, na mota na Maigida ne, buta ɗaya a rana. Yanzu na san tattalin nan da ta yi wa ruwan shi ya tsufar da shi. Da an yi wadaƙa da shi ya ƙare a kwana biyu, da babu abin da zan rubuta muku.

Kullum idan rana ta take nakan ɗora hannu a jikin motar in ji ƙarfen yana ƙuna, in tuna tankin da ke sama. Kullum nakan ce yau zan zubar. Malam Ado kuma duk lokacin da muka yi waya sai ya ce an samo ƙarfen, saura a kawo, sai in ƙara kwana. A sati na uku na tarar da Inna ta tari ruwa a kofi ta miƙa wa yaron kai tsaye. Na ce mata gara dai a riƙa tafasawa. Ta ce ba ni ne na tara mutane a nan wurin ina nuna musu abin tacewar ba, ina cewa babu cutar da ke wuce shi? Haka ne, na yi, har da ɗan ƙari, ranar da aka jawo motar kowa yana leƙe. Ta ce na rijiya na ce ta tafasa, ta tafasa, wannan kuwa na asibiti ne, kuma karan da ya rage a gidan ko na tuwo bai isa ba. Sannan ta sauke yaron daga cinyarta ta dube ni.

"Ka faɗa mini magana ɗaya. Ruwan nan zai cutar da shi, ko ba zai cutar da shi ba?"

Na sha tuna wannan tambaya fiye da duk wata da aka taɓa yi mini a jarrabawa. Abin da na ce mata shi ne ba zan iya cewa tabbas ba sai an kai shi ɗakin gwaji. Na ce mai yiwuwa lafiya lau ne, mai yiwuwa kuma ya fara canzawa, ya danganta da zafi da kuma yadda matacin yake a ciki. Babu ƙarya ko ɗaya a cikin abin da na faɗa. Inna ta saurare ni har na gama.

"To, ba ka sani ba ke nan," in ji ta. Ta miƙa masa kofin.

Makulli yana aljihuna. Famfo ne da yaro ɗan shekara biyu yake murɗawa. Babu abin da ya hana ni in jira ta shiga ɗaki in buɗe shi, in sha faɗanta na kwana biyu. Ban yi ba. Na ji nauyin in ƙaryata abin da na faɗa a gaban mutane, na ji tsoron a ce Likita ya zubar da ruwa a shekarar ƙishi, na kuma ce a raina wataƙila ina zuzuta abin ne kamar yadda na saba.

A sati na biyar ofis ya kira ni Kano in kai rahoto. Na cika wata 'yar kwalba mai tsabta da ruwan famfon, na sa a jaka, da niyyar in bayar a gwada. Da na je ɗakin gwaji na karɓi takardar da ake cikewa sai na ga layin farko yana tambayar ranar da aka zuba ruwan a tanki. In na rubuta gaskiya, na tona wa kaina asiri cewa sati biyar ban bi ƙa'idar da ni na rubuta ba. In na rubuta ƙarya, gwajin ya zama na banza a wurina. Na ninke takardar na ce zan dawo gobe. Kwana uku ina yawo a birni da kwalbar nan a jaka, ina jin motsinta duk inda na taka. Tana cikin jakar lokacin da maƙwabcinmu ya kira ni ya ce Inna ta ce in taho da maganin gudawa na yara.

Na iso gida da azahar ranar Alhamis. Tun ranar da na tafi cikin yaron ya ɓaci. Inna ba ta aika Dawanau ba, domin kowa ya san yaron da aka yaye yakan yi zawo, kuma idan uwa ta zo yaye ya warware. Na same shi a kwance a tabarma, kumatun nan sun zube, idanu sun faɗa, yana kuka babu hawaye. A gefensa ga kwano da cokali. Inna ta ce kada in damu, ta haɗa masa ruwan gishiri da sukari daidai yadda na koya mata, tana ba shi cokali-cokali tun shekaranjiya, kuma ba ta yarda ta haɗa da na rijiya ba, da na mota ta haɗa. Ta faɗi haka tana dubana, tana jiran in ce ta kyauta.

Na ɗauke shi, maƙwabcin ya tayar da babur, na rungume yaron a tsakaninmu. Muka wuce ta gefen motar asibiti, da hoton uwa da jariri suna murmushi a jikinta, muka kama hanyar Minjibir cikin rana. Ma'aikatan da muka tarar sun yi iyakar ƙoƙarinsu, sun daɗe suna neman jijiya kafin su samu a sa masa ƙarin ruwa. Yaya Lawan ya iso da magariba. Rakiya sai washegari aka taho da ita, kuma ba ta same shi da rai ba. Ya cika bayan an sauko daga masallacin Juma'a, sati huɗu da kawo shi. Allah ya jiƙansa.

A nan ne zan faɗa muku abin da ban tabbata ba. A waccan bazarar yara da yawa sun yi gudawa a garinmu, waɗanda ko kusa da motar ba su je ba, biyu daga cikinsu ma sun rasu. Yana yiwuwa Abba ya ɗebi abin a ƙasa, ko a hannun wani, ko a ƙuda. Masu zuwa gaisuwa suka ce kwana ne ya ƙare, kuma na yi imani da haka. Amma washegarin sadakar uku, da mutane suka ragu, na shiga motar na kwance matacin. Na fito da shi waje don in gani da haske. Cikinsa ya yi wani yauƙi mai ruwan toka kamar miyar kuɓewa da ta kwana, da wari irin na tsohuwar kwata. Na haƙa rami a bayan katanga na binne shi. Na buɗe famfo na bar sauran ruwan ya tsiyaye, na ɗauko kwalbar da ke jakata na juye ta a kai. Ni da na ce sai an gwada, da hannuna na zubar da abin gwadawar. Ban duba zaure ba a lokacin. Ina ma na duba.

Ruwan shuka ya sauka jim kaɗan bayan sadakar arba'in. Yaya Lawan ya zo kamar yadda yake yi duk shekara, muka fita gonar bakin kwari mu biyu, shi yana gaba da sungumi yana sara, ni ina binsa ina zuba gero ina rufewa da ƙafa. Muka kai kusan rabin gona. Sai ya ce, ba tare da ya juyo ba, bai samu ya yi mini godiya ba a kan ɗawainiyar da na yi da yaron, ni na kai shi asibiti, ni na tsaya a kansa, Allah ya saka mini. Wannan godiyar ce ban iya ɗauka ba. Na tsaya da ƙwaryar iri a hannu na fara ba shi labari tun daga rana ta uku. Na faɗi takardar bayan ƙofa, da tambayar Inna, da kwalba, da mataci. Sannan na shiga halina, na ce amma ba a tabbatar ba, yara da yawa sun yi irin ciwon, babu wanda zai iya cewa ruwan ne. Ya dogara sungumin a ƙasa.

"Ban tambaye ka ko ruwan ne ba. Wannan Allah ya bar wa kansa sani. Ka san zai iya cutar da shi, ko ba ka sani ba?"

"Na sani," na ce.

Ina jin wannan ce amsa ta farko da na taɓa ba shi da kalma biyu. Na yi tsammanin zai mare ni, kuma da ya yi da na samu sauƙi. Da ya buɗe baki muryarsa ba ta ko ɗaga ba.

"Hannun Inna ne ya ba shi. In ta ji wannan magana ba za ta ƙara shekara ba. Ka rantse mini ba za ta ji ba."

Na rantse. Ya ajiye sungumin a tsakiyar layin da bai ƙarasa ba, ya bi ta ƙarƙashin ɗorawa ya tafi. Masu shuka a gonar maƙwabta sun ga tsayuwarmu, sun ga tafiyarsa, kafin la'asar gari ya ɗauka cewa 'ya'yan marigayi sun yi faɗa a kan gado. Da aka tambaye shi bai musa ba. Da aka tambaye ni na ce abin yana da ɗan tsawo. Tun daga ranar muke gaisawa a gaban Inna, da ranar Sallah, da wurin jana'iza. Ba mu sake cin tuwo a kwano ɗaya ba. Ranar ɗaurin aurena ya zo, ya karɓa mini auren kamar yadda ya wajaba a kansa, aka shafa fatiha ya hau mota.

Da aka gyara motar na wanke tankin sau uku, na sa sabon mataci, na rubuta wa ofis cewa ban zubar da ruwa a kan lokaci ba. Ban ambaci yaron ba. Suka ja mini kunne a takarda, suka ce a kiyaye gaba. Na yi tafiya biyu da su. Duk uwar da ta miƙo kofi a famfon nan don ta ba ɗanta magani sai in kau da kai, duk da na san ruwan na safiyar ranar ne. A ƙarshen damina na ajiye aikin na koma koyarwa, inda kuka taso kuka same ni. Wannan ne dalilin, ba ciwon bayan da na ce muku ba. Kuma shi ne dalilin da ya sa nake juye jarkokin gidan nan duk bayan kwana uku, ina kife su a rana, mahaifiyarku tana cewa wata rana sai na shanya rijiyar ma.

Inna ta rayu shekara ashirin da wani abu bayan haka. Ta riƙe yayen wasu daga cikinku, kuma kun san ba ta taɓa ba ku ruwan da bai hau wuta ba, ko da na leda ne. Ni na ɗauka tsohuwar koyarwata ce take bi. Ta sha kiranmu ni da Baffanku ta ce wace irin gona ce wannan da ta fi zumunci, mu sunkuyar da kai mu ce za a gyara. A ciwonta na ƙarshe, bara, wata ranar Talata da hantsi, muna ɗakinta mu biyu, Baffanku a bakin ƙofa ni a gefen gado. Ta nemi ruwa, na kawo mata a kofi. Ta riƙe shi ba ta sha ba, ta tambaye ni ko an tafasa. Na ce an tafasa. Ta kurɓa sau biyu ta miƙo mini.

"Ka ga, magana ɗaya," in ji ta. Ta huta kaɗan. "Ina zaure ranar da ka fito da abin nan ka binne. Na ga abin da ke ciki. Na yi shiru ne don kada yayanka ya ji ku ɓata. Sai kuka je kuka ɓata, kuka ce mini gona ce."

Baffanku ya tashi ya fita tsakar gida, na ji shi yana ta zuba ruwa a buta kamar mai shirin alwala, alhali lokacin salla da saura. Bayan kwana biyar ta rasu. Shekara ashirin muna ɓoye mata, ita kuma tana ɓoye mana, kowa yana ɗauke da abu ɗaya a ɗaki dabam, duk a kan kalmar da na kasa faɗa a gindin famfo.

Bayan sadakar bakwai na raka shi bakin hanya inda ake hawa motar birni. Muka tsaya muna jira. Da motar ta taho ya ɗauki jakarsa, ya ce, "Ashe ta sani." Na ce ta sani. Ya shiga, yaron mota ya rufe ƙofa. Ban san ko zai kira ni ba, ni ma ban san ko ina da bakin kiransa ba.

Ku dai ku riƙa zuwa gaishe shi, ku durƙusa masa yadda ya kamata, domin bai zalunce ni da komai ba. Gonar tana nan, ana noma ta, amfanin ana raba shi biyu kamar kullum. Idan wani ya sake ce muku a kanta muka ɓata, ku ce masa ba gona ba ce. Kada ku ce wataƙila.